Ƙannena masu zane, ku fara zama a gaban baduku

Duk wanda ke son yin aikin zane tare da jama'a a Sakkwato, kada ya zo da zanensa a kammale. Ni haka na yi. Na ɗauki fentin gwangwani na nufi wata firamare, ban gai da mai unguwa ba, ban nemi shawarar malamai ba, na cika bango da fuskokin mutane. Iyaye suka ce ba su yarda da surar mai rai ba, kuma suna da hujjarsu ta addini. Da na tambaya, da an nuna mini zayyanar allon sauka, wadda kowane yaro ya san ta.

Binciken da nake ta hange a littattafai kuwa, ashe yana hannun majema da dukawa. Fatar jar akuyarmu ce a da fatake ke ƙetare Sahara da ita, Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko don ta can take isa gare su. Da bagaruwa ake jeme ta. Ja daga karan dafi yake fitowa, baƙi daga kuloko, wato ruwan rini da ake haɗawa da ƙarfe. Ku je ku zauna, ku miƙa wuƙa da zare, ku ga yadda baduku ke goga launi da tsumma har fata ta sha. Kada ku yi gaggawar fito da kyamara.

In kun soma gwada waɗannan launuka a takarda ko ƙyalle, ku rubuta komai. Na taɓa dacewa da wani ja mai duhu, ban rubuta awon toka da ruwa ba, har yau ban sake samun irinsa ba. Ku manna guntun gwajin a littafi da kwanan wata, rabinsa kuma ku bar shi a rana ku ga ko zai koɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar baje koli. Dattijon da ya koya mini rini ya duba takardar da ke gefen aikin, ya ce, "Ɗana, ina sunan wanda ya rina?" Ban sa ba. Ladi Kwali a gida ta koyi ginin tukwane kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, kuma da sunanta duniya ta san tukwanenta, ga hotonta a naira 20. Ku sa sunan kowa, ku kuma yanke kason kuɗinsa a gaban shaidu tun kafin a taɓa fata.