Jirgin Baba Kaftin da kamshaf ɗin da tsatsa ta cinye mana a Ikeja

Wallahi har yanzu in naji mutum yace "ai muna tada shi duk sati don kar ya lalace" sai inji raina ya ɓaci. Wannan maganar ce ta jawo mana asarar da har gobe Baba Kaftin baya son a ambaci adadinta a gaban Hajiya.

Ni aikina gyaran jirage ne a ɓangaren Ikeja, ƙanana masu farfela su na fi sabawa da su, a Agege nake zaune. Shi kuma Baba Kaftin dattijo ne da ya fara tuƙi a sojan sama, daga baya ya koma jiragen fasinja har ya yi ritaya a nan Legas. Jirgin da ya koyi tuƙi a kansa a Kaduna shi ne Bulldog, wani ɗan ƙaramin jirgin horo da kamfanin Scottish Aviation ya riƙa ƙerawa a Prestwick ta ƙasar Birtaniya, malami da ɗalibi suna zama gefe da gefe, murfin gilashin sama ana jan shi baya ne, inji ƙirar kamfanin Lycoming mai silinda huɗu ƙarfin doki 200. Sojan saman Ingila sun yi aiki da shi tun shekarun 1970 har wajen 2001 da suka daina suka sayar wa farar hula, toh irin waɗancan ne Baba ya samu ɗaya ya saya, aka cire fikafikai aka zuba a kwantena aka kawo ta Apapa. Labarin fito da shi daga tasha ba zan shiga ba, wanda ya taɓa fitar da ko taya ce ya sani.

Waɗanda suka haɗa masa shi sun yi aikinsu da kyau sun tafi. Daga nan sai zaman jira, takardun rajista da na izinin tashi suna tafiyar hawainiya, ga kuma matsalar mai, don wannan injin ba kananzir ɗin manyan jirage yake sha ba, fetur ɗin jirgi ne da ake kira Avgas 100LL mai launin shuɗi, kuma samunsa a ƙasar nan sai an sha wuya, a duro ake kawo shi da tsadar tsiya. Jirgi ya zauna a hanga, wato rumfar ajiye jirage, damina ta zo ta wuce wata ta sake zuwa.

A duk tsawon wannan zaman, duk ranar Asabar da hantsi Baba zai zo da farar shaddarsa, a turo jirgi waje, ya hau ya tada inji ya barshi yana kaɗawa minti goma ko sha biyar, ya duba agogunan gaba, ya kashe, a mayar. Sauran ranaku kuma ya sa yaron da ke gadin wajen ya riƙa juya farfela da hannu wai don kar inji ya kame. Yanda muke ɗumama mota da safe kafin a fita, haka ya ɗauki abun. Kuma ban ga laifinsa sosai ba, a barikin soja jirgin horo kullum a sama yake, ba ya zama, kuma ma'aikatan ƙasa ne ke da wannan lissafin, shi nasa ya hau ya tashi. Sannan iskar Kaduna daban ta Legas daban.

Da takardu suka kusa fitowa aka kira ni in yi masa babban dubawa. Daga waje jirgin nan fes, littafin inji ma ya nuna awowi da yawa sun rage kafin lokacin buɗe shi. Na sauke baƙin mai, na yanka filta na baje takardar cikinta a rana, sai naga tana ƙyalli. Na kawo maganaɗisu na goga sai ga garin ƙarfe ya manne kamar gashi. Nan gabana ya faɗi, don in maganaɗisu ya ɗauka to ba alminiyam bane ba kuma tagulla ba, ƙarfe ne, kuma a injin Lycoming da ya daɗe a zaune kowa ya san inda ake fara zargi. Na zura 'yar kyamara ta ramin fulogi, bangon silinda duk jajayen tabo. Kamshaf kuwa, wato sandar nan mai kunnuwa da ke buɗe bawul, wanda shi ne abun zargin, ba a ganinsa sai an cire silinda, na cire ɗaya na haska tocila, kai, tafet ɗin nan, ƙarafan da kunnuwan kamshaf ke turawa, fuskarsu duk ramuka, kunnen kamshaf ɗaya ya cinye har ana gani da ido ba sai an auna ba.

Ga yanda abun yake faruwa, don shi ne duk dalilin wannan dogon rubutun. Fetur in ya ƙone ruwa yake haifarwa, kusan lita ɗaya ta mai tana bada kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi, yawanci yana fita ta salansa amma wani yana sulalewa ta gefen ringi ya sauka cikin inji ya haɗu da baƙin mai. In jirgi ya tashi sama yayi tafiya mai ya ɗau zafi sosai, ruwan nan sai ya tafi. Amma minti goma a ƙasa ba zai kai mai wannan zafin ba, in kuma ka dage sai ya kai to kan silinda zai ƙone maka, don iska ce ke sanyaya wannan injin kuma a tsaye iskar bata ishe shi. Kenan duk Asabar Baba ruwa yake ƙara wa injin da ɗan tsami na ƙonewar mai, ya kashe, ƙarfe ya huce, tururi ya kwanta a kai. A Lycoming kuma kamshaf a sama yake, bisa krankshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, shi ne farkon wanda mai ke tsiyayewa ya bari tsirara. Ga danshin Legas da kan haura kashi 80 cikin 100, ga gishirin teku a iska. Juya farfela da hannun da yaron nan yake yi kuwa ɗan man da ya rage a jikin bango da kamshaf yake sharewa, babu famfon da ke kawo sabo.

Abun haushin duk wannan a rubuce yake, su kansu Lycoming sun faɗa: a tashi da jirgin aƙalla awa ɗaya cur ba tsayawa cikin kowane kwana 30, zafin mai tsakanin 165 da 200 a ma'aunin Faranhait, wajen 74 zuwa 93 kenan a namu na Salshiyos, kuma sun ce tada shi a ƙasa baya maye gurbin wannan. In ba za a samu haka ba to a adana injin gaba ɗaya. Adanawar kuma ba wani abun a zo a gani bane, man adana inji na musamman, a fesa cikin silinda, a cire fulogi a ɗaura na bogi masu ƙwayoyin tsotse danshi waɗanda suke shuɗi in sun sha ruwa su koma ruwan hoda a canza, a toshe salansa da bututun numfashin inji da hanyar shigar iska, a rataya jan ƙyalle da takarda a farfela cewa kar wanda ya taɓa. Kuɗin duk wannan bai kai na silinda ɗaya ba.

Faɗa wa Baba shi ne aikin da ya fi cire silinda wuya. Na ɗora tafet ɗin a tafin hannunsa nace ranka ya daɗe duba nan. Ya juya shi ya juya, yace "Injiniya, amma fa ban taɓa fashin Asabar ba." Nace Baba ai Asabar ɗin ce. Yayi shiru har na fara tunanin ko na yi rashin kunya, can yace "da na ƙyale shi kawai fa?" Nace da tsatsa zata taɓa shi dai tunda Legas muke, amma ba haka ba. Bai ƙara magana ba ya shiga mota. Sai bayan isha'i ya kira ni yace ɗana nemo mana inda za a kai.

Garin ƙarfen nan ya riga ya zaga ko'ina da mai, ya shiga biyarin, ya shiga gefen fistin, ya shiga na'urar sanyaya mai da gwamnan farfela mai daidaita saurin juyawarta, saboda haka babu maganar canza kamshaf kawai a rufe. Sauke injin muka yi aka saka a akwatin katako aka tura waje aka buɗe shi gaba ɗaya, komai da dala, kuma a lokacin da naira ke ta zamewa, farashin da aka faɗa mana ranar da ya tafi daban da abun da ya zama a aljihun Baba ranar biya.

Zaman jiran injin dai bai tafi a banza ba, na bi jikin jirgin ciki da bai. Ɓeraye sun yi gida a cikin wutsiya, kuma fitsarin ɓera yana cin alminiyam, sai da muka kankare farin garin tsatsa muka sake shafe wajen. Zanzaro ya gina gidan laka a cikin ɗan bututun da ke auna gudun jirgi a ƙarƙashin fiffike, kuma wanda yake ganin wannan wasa ne ya tuna jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 da ya faɗa teku a 1996 bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu, bututun nan ne ya toshe bayan jirgin ya daɗe a ajiye kuma zanzaro aka fi zargi. Tankokin mai da aka bari rabi sun tara ruwa a ƙasa. Murfin gilashi kuma yaron gadi yana goge shi da tsumman da yake goge komai, ya fara ƙananan zane, da ƙyar muka ceto shi. Bututan roba na mai da na birki duk na zubar na sa sabbi, ban tsaya duba wanne ke da sauran rai ba. Amma duk waɗannan aikin hannu ne da haƙuri, babu wanda ya kai rabin rabin kamshaf.

Wani abokin aikina yace wai me yasa ba za a yi masa fenti kawai a kafa shi a ƙofar gida ba, kamar jiragen yaƙin basasa da ke gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Na taɓa zuwa can, akwai MiG-17 da Ilyushin 28 na ɓangaren tarayya, da ɗan mitsitsin jirgin nan ƙirar Suwidin irin wanda Biyafara suka ɗaura wa rokoki a 1969, kuma ya kamata duk ɗan ƙasar nan ya je ya gani. Amma ajiye jirgi don kallo sana'a ce daban da riƙe shi yana tashi. Turawan Ingila har yau suna tashi da jirgin yaƙin nan Lancaster na yaƙin duniya na biyu, guda biyu kacal suka rage masu tashi a duniya, ɗaya wajensu ɗaya a Kanada, kuma ni a ganina jirgin da ba a jin ƙararsa rabin tarihinsa ne kawai ya rage. Baba ma ba hoto ya saya ba.

Ranar gwajin inji bayan ya dawo kamar sabo ni a ƙasa na tsaya, wani matuƙi mai lasisin gwaji ne ya fara. Sabon inji baya son dogon zama a ƙasa yana kaɗawa, so yake a tashi a bashi wuta sosai don ringi su zauna a bango, mu kuma a filin Ikeja muke inda ɗan jirginka zai yi layi bayan manyan jiragen fasinja yana jiran hasumiya ta tuna da shi, shi yasa muka roƙi lokacin sassafe. Ya tashi ya dawo, na yanka filta hannuna na rawa, na goga maganaɗisu, ɗan abun da ake tsammani a sabon inji kawai. Alhamdulillahi.

Daga baya Baba ya sabunta takardunsa ya ɗauke ni a kujerar gefe. Mutumin da sai an riƙe masa hannu yake hawa fiffike, yana zama ya ja murfi sai ya koma wani mutum daban, muryarsa ma a rediyo ta canza. Muka bi ta saman ruwa wajen Ikorodu, gadar Third Mainland can ƙasa cike da motoci sun yi cirko-cirko, shi yana ta nuna min abubuwa ni kuma idona na kan agogon zafin mai, ina jira ya kai 180 a Faranhait ya zauna a wajen. Yace "Injiniya kalli waje mana, ka biya kuɗin kallo." Nace Baba kai ka biya ai.

Yanzu dokar da muka kafa, kuma a rubuce take a bangon hanga: in akwai mai da matuƙi, jirgi zai yi awa ɗaya a sama kafin wata ya cika, in babu to ranar da muka gane babu ranar za a adana inji, ba tadawa ba juya farfela. Baƙin mai ana canza shi duk wata huɗu ko da awowi basu cika ba, kuma duk canji sai an yanka filta. Tankoki a cike, murfi a kan bututun gudu, tarkon ɓera a kowace kusurwa. Duron mai kuwa ba ma bari ya kai ƙasa kafin a fara neman wani.

Rigimar da ta rage tsakanina da shi ita ce ta wasan juyi a sama. Bulldog an yi shi don haka, kuma Baba yana ta ƙaiƙayin ya nuna min abun da yake yi a Kaduna yana saurayi. Sai dai a cikin jirgin akwai 'yar na'ura da ke ƙirga matsin da fikafikai suka sha, in lissafin ya kai iyakar da aka sa to sai an yi wa ƙashin fiffiken babban aiki ko a ajiye jirgin, kuma juyi yana cin wannan lissafin da sauri fiye da tafiya miƙe. Namu Turawa sun riga sun ci kaso mai yawa kafin su sayar. Na kai masa lissafin a takarda satin da ya wuce, ya ninke ya sa a aljihun gaba yace zai duba, ni kuma na riga na tura wa masu aikin fiffiken saƙo su faɗa min farashi.