Kafin a kira juyin juya hali, a tambayi matan Aljeriya

A watan Agustan 2024, lokacin da aka sanya dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama tarzoma, muna zaune a tsakar gida a Tudun Wada sai ɗan yayana da ke karatu a jami'a ya ce da ni, "Gwaggo, ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an yi juyin juya hali irin na Faransa, ko da jini zai kwarara." Ban ga laifinsa a kan fushin ba, domin ni ma na san yadda mudun masara ya gagari masu ƙaramin ƙarfi a Kasuwar Bacci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk lissafin da ya yi na shugabanni da sojoji da matasa, bai ambaci mace ko ɗaya ba, alhali Faransar da yake kafa hujja da ita matan kasuwa ne suka girgiza gadon sarautarta.

Ranar 5 ga Oktoba 1789 dubban matan birnin Faris, waɗanda tsada da ƙarancin burodi suka kai maƙura, suka taka kusan kilomita 20 cikin ruwan sama zuwa fadar Versailles, washegari kuma suka taso sarki Louis na 16 da iyalinsa a gaba zuwa Faris. Shekara huɗu bayan haka, a Oktoban 1793, gwamnatin juyin ta haramta ƙungiyoyin siyasa na mata, kuma a farkon Nuwamba aka fille kan Olympe de Gouges, wadda ta rubuta takardar neman haƙƙin mata. Matan Faransa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1944. A Rasha ma ma'aikatan masaƙa mata na Petrograd ne suka fara yajin aiki a kan burodi ranar 8 ga Maris 1917, kuma mako guda bayan haka sarki ya sauka daga mulki. Dalilin da ya sa mata ke riga kowa fita a bayyane yake, domin wadda ke ɗora tukunya ita ce ke fara sanin babu abin da za a zuba a ciki.

Labarin da ya fi taɓa ni dai shi ne na Aljeriya, wataƙila saboda matan Musulmi ne irinmu. Yaƙin ƙwatar 'yanci daga Faransa ya ɗauki daga 1954 zuwa 1962. Sunayen da duniya ta riƙe su ne na 'yan matan birni, wato Jamila Buhired, da Zuhura Darif, da Hasiba bin Bu Ali wadda ta mutu tana da shekara 19 a Oktoban 1957, lokacin da sojojin Faransa suka tarwatsa gidan da take ɓoye a unguwar Kasba. An kama Jamila a 1957, aka azabtar da ita, aka yanke mata hukuncin kisa, sai matsin lambar duniya ya sa aka sassauta. Ina girmama juriyarta ƙwarai. Amma ba zan ɓoye cewa bam ɗin da Zuhura ta ajiye a wani shagon shan madara da kayan sanyi ranar 30 ga Satumba 1956 ya kashe farar hula, ya kuma guntule gaɓoɓin ƙananan yara ba. Zaluncin mulkin mallaka gaskiya ne, jinin yaran nan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ke sha'awar tashin hankali daga nesa ya kamata ya dubi biyun tare.

Masu ɗaukar bam 'yan ƙalilan ne. Cikin mata wajen 11,000 da aka yi wa rajista a matsayin tsofaffin 'yan gwagwarmaya bayan yaƙi, mafi yawansu matan karkara ne da suka dafa wa mayaƙa abinci, suka ɓoye su a ɗakunansu, suka yi jinyar masu rauni, suka ɗauki wasiƙu da kuɗi da magani a ƙarƙashin mayafi suna ratsa shingayen bincike. Idan sojoji suka shigo ƙauye maza sun riga sun hau duwatsu, saboda haka mata suke tararwa, kuma a kansu duka da fyaɗe ke sauka. Kimanin mutum miliyan 2 aka kwashe daga ƙauyukansu aka tsugunar a sansanoni. Da aka sami 'yanci a 1962 aka kafa majalisar farko, mata 10 kacal suka shiga cikin wakilai kusan 200. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A 1981 sai da tsofaffin mayaƙan nan mata suka sake fita titi, domin ana shirya dokar iyali ba tare da an nemi jin ta bakinsu ba, kuma a 2019 an ga Jamila, ta haura shekara 80, cikin masu zanga-zangar lumana a babban birnin ƙasar.

Mu ma a nan muna da namu misalin, ko da yake ba na bindiga ba ne. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a ƙarƙashin tutar jam'iyyar NEPU tun shekarun 1950, amma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai a 1979, shekara 19 bayan samun 'yancin kai.

Abin da na gaya wa yaron a ranar bai fito daga littafi ba. Rikicin addini da aka yi a Kaduna a Fabrairun 2000 ba juyin juya hali ba ne, amma ya nuna wa duk mazaunin Kaduna yadda gari ke zama idan doka ta faɗi. Ina budurwa a lokacin, kuma na ga mata, Musulmi da Kirista, zube a filin barikin soja suna ƙirga 'ya'yansu da daddare kamar masu ƙirga awaki, kowace tana fargabar ƙidayar ta gaza. Na ga waɗanda suka bi asibitoci suna buɗe fuskokin gawa ɗaya bayan ɗaya. Bayan ƙura ta lafa, su ne suka shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, suka fito suka kama sayar da ƙosai da wankau domin ciyar da marayu, kuma ban taɓa jin an kira ɗaya daga cikinsu zauren da aka yi sulhu ba.

Na ce masa, "Ɗana, ina tare da kai a kan cewa dole a canza, kuma zan fita in yi magana, zan yi zaɓe, zan tsaya a kan ƙuri'ata. Amma kafin ka sake ambaton jini, shiga ɗaki ka tambayi Hajiya." Ya shiga wurin kakarsa bayan sallar la'asar. Har aka kira magariba tana lissafa masa maƙwabtanmu na wancan lokaci gida gida, tana faɗin sunan kowane mamaci da sunan matar da ya bari da yawan 'ya'yanta.