Tsohuwar Pajero da hanyar gona

Da daminar bara ta yanke hanyar gonarmu, na sayi tsohuwar Mitsubishi Pajero ƙirar 1995 mai injin dizal lita 2.8, da niyyar mayar da ita motar daji gwargwadon aljihuna. Na zaɓe ta ne saboda ƙarfin shasinta, kuma irinta ta ci gasar tseren motoci ta Dakar sau 12, gasar da a da take ratsawa ta Agadas.

Makanikena ya hana ni taɓa fenti, ya ce a fara da abin da ido ba ya gani. Mun wanke lagireto, mun sabunta birki, sannan muka gyara giyar da ke ba ƙafa huɗu ƙarfi, domin ita ce ke fitar da mota daga taɓo da yashi. Kayan gyaran kuwa na hannu ne daga Ƙofar Ruwa a Kano.

Tayoyi kaɗai na saya sababbi masu manyan haƙora, kuma ban yi nadamar kuɗinsu ba. Mai walda ya sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin, mun ɗaga motar inci 2 kawai, don kada ta riƙa tangaɗi a kwana.