Ƙ ɗin da ya cinye min dare

Daren jiya ina zaune a shagon yayana a Zongo, nan Damagaram, ina haɗa saƙon da zan tura ta soket (hanyar da kwamfuta biyu ke aika wa juna bayanai) da Python, yaren rubuta manhaja. Na sa tsawon saƙon a gaba don mai karɓa ya san iya abin da zai karanta, na tura "ƙofa", sai "ƙof" kawai ya isa can. Har na fara zargin intanet.

Ashe len(), umarnin da ke auna tsawo, haruffa huɗu ya ƙirga, alhali a UTF-8, tsarin da ke mayar da haruffa bayit (ma'aunin bayanan kwamfuta), harafin ƙ bayit biyu ne, kalmar ta zama bayit 5. Haka ɓ da ɗ. Dole sai ka yi encode() tukuna, wato ka mayar da rubutun bayit, sannan ka auna tsawon, ka tura da sendall() mai tura saƙon duka, don send() kan tura rabi ya tsaya.

Yaya ya leƙo: "Ƙane, shayinka ya huce." Kuran ma ta ɗauke kafin in sake gwadawa.