Motar danna botin da wahalar rimot

Waɗannan motocin da ake tayarwa da danna botin daɗi kam akwai, amma ranar da batirin rimot ya mutu zaka gane kurenka, ka taka birki ka danna ka sake dannawa motar tayi maka shiru kamar bata taɓa ganinka ba. Ɗan batirin yawanci CR2032 ne, gashi na jabu sun cika kasuwa basa wani jimawa. Dayawa basu san akwai makullin ƙarfe a ɓoye cikin rimot ɗin ba na buɗe ƙofa, sannan in ka manna rimot ɗin jikin botin ka danna galibi zata tashi. Ni haushina motocin tokumbo masu zuwa da makulli ɗaya tal, ya ɓace kuɗin haɗa sabo wallahi ba wasa bane.