Layi Huɗu a Bayan Takarda

Burina na shiga jami'a shi ne in iya rubuta manhaja. Shi ya sa da aka sa mana kwas ɗin lissafin diskirit a aji biyu, wato lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, ban ba shi muhimmanci ba. Hadda na yi, na tsallake jarrabawa da kyar, na ajiye littafin.

Zango na gaba aka ba mu aikin rubuta ƙaramar manhajar rajista. Sharaɗin shi ne ɗalibi ya biya kuɗi kuma ya cike fom. Sai na rubuta cewa a hana wanda bai biya ba KUMA bai cike ba. Da na gwada, duk wanda ya cika sharaɗi ɗaya kawai sai ya wuce abinsa. Kwana uku ina dubawa, ina zargin kwamfutar, alhali abin da na faɗa mata take yi.

Wani abokin karatuna ne ya juya takarda ya zana min jadawalin gaskiya da ƙarya, layi huɗu kacal. Nan na ga kishiyar "A da B" ita ce "ba A ba KO ba B ba". Dokar De Morgan ke nan, wadda na haddace ban san amfaninta ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, domin amsar tana cikin littafin da na jingine.

Da hutu na koma kansa daga shafin farko, da biro da takarda, ina warware kowace tambaya da hannuna. Hujjar da ake ginawa mataki-mataki ita ta fi ba ni wuya: ka tabbatar da na farko, sannan ka nuna in ɗaya ya tsaya na bayansa ma zai tsaya. Sai da ta zauna min na gane yadda manhaja ke kiran kanta, wato ta maimaita aikinta a kan ƙaramin ɓangare na matsalar, ba tare da ta ɓace ba. Haka kuma na fahimci dalilin da ya sa, in sunaye miliyan ɗaya suna jere bisa tsarin haruffa, ana raba su gida biyu a kowane taku ana ajiye rabin da sunan ba ya ciki, taku 20 ya isa a gano kowane suna, tunda 2 sau kansa har 20 ya kai 1,048,576.

Yanzu duk sharaɗin da ya haɗa "da", "ko" da "ba", sai na zana jadawalinsa a takarda kafin in taɓa kwamfuta.