Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Albashi ba ya shayarwa"

Makon jiya na tsaya a inda na koma aiki bayan haihuwar Auta. Sai dai ba zan iya wucewa ban taɓo maganar Goggo ba. "Albashi ba ya shayarwa." Da ita take tarbata kullum, ko jaka ban ajiye ba.

Ina fita yaron na barci, in dawo ya sake yin barci. Nono kuwa gwargwadon tsotso yake zuwa, in yaro ya wuni bai kama ba sai ya yi ta ja baya. Nakan tatsa a kofi mai murfi in bari, amma ba firji ba ya wuce awa 4, ni kuma sai dare.

Yana wata 10 na kai shi awo. Ma'aikaciyar ta naɗa masa tef a damtse, ya tsaya a kan rawaya, wato ƙasa da santimita 12.5, alamar tamowa ta fara kama shi. Ja, alamar tamowa mai tsanani, daga ƙasa da 11.5 yake farawa. Ta ce, "Maman yaro, sau nawa yake ci a rana?" Na yi shiru, don ban sani ba. Ta ce mai watanninsa sau 3 zuwa 4 yake buƙata ban da nono, kaɗan-kaɗan, da lallashi, saboda cikinsa ɗan mitsitsi ne. 'Yar rainon da nake bar wa shi ita ma yarinya ce, da ya kau da kai ta ajiye cokali. Goggo kuma tana zaune a gidan, tana gani! Abincin nan da albashin da ba ya shayarwa aka saye shi, mai zaman ba shi aka rasa.

Bara da babbar 'yata ta haihu, ita ta gaya mini cewa tun 2000 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14, da lokacin shayarwa a cikin awannin aiki ba tare da an yanke albashi ba. Ni wa ya ba ni ko rabin awa?

Goggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, na yafe mata. Amma ƙannen maigidan da suka ɗauki maganar suna yaɗawa, har yau ba wadda ta taɓa tambayata ƙarfe nawa nake tashi. Su ne labarin mako mai zuwa.